Kwikwiyon Fumie na Bakwai

Karnuka shida Fumie ta raina a gidan nan, mijinta bai taɓa riƙe igiyar ko ɗaya ba. Akwai wata ƙungiya a babban birnin lardinsu mai horar da karnukan da ke yi wa makafi jagora. Ita take raba wa mutane 'yan kwikwiyo suna da wata biyu, a riƙe su a gida shekara guda su saba da ɗan Adam, sannan a zo a karɓe su a kai su makaranta. Sau shida Fumie tana wannan riƙo, kuma duka shidan sun ci jarrabawa sun samu makafinsu. Shi kuwa maigidan, Kuwabara Shozo, wanda ya yi shekara talatin da takwas yana aiki a tashar jirgin ƙasa kafin ya yi ritaya, iyakar gudummawarsa ita ce ya ɗage ƙafa in kare zai wuce ta gaban talabijin. Duk ranar da aka zo tafiya da kare Fumie ta zauna kuka, daga bayan jarida yake ce mata, "Ke, ai dama kin san ba naki ba ne." Shekara arba'in da huɗu da "Ke" yake kiranta, sai ka ce ba a raɗa mata suna ba. Mazan zamaninsu haka suke, kuma har gobe gani suke wannan shi ne kamun kai.

Na bakwai shi ne Kenta, baƙi wuluk, da tafukan ƙafa da suka yi masa girma. A watan Nuwamba aka kawo shi, ya yi sati shida a hannun Fumie. Wata safiya ta gama turara dankalin bana, ta yanyanka ta shanya a tsakar gida kamar yadda kowace mace a garin take yi in sanyi ya kama, ta juyo za ta shiga kicin sai ta faɗi a bakin ƙofa. Jijiya ce ta fashe a kanta. Ta yi kwana goma sha tara a asibiti, ba ta dawo gida ba sai a cikin ɗan akwati naɗe da farin ƙyalle.

Bisa al'adarsu an ƙone gawar, aka ajiye tokarta a ɗakin ciki, a kan gajeren tebur mai farin mayafi, inda za ta zauna kwana arba'in da tara kafin a kai ta kabari. Ga hotonta, ga kyandir, ga turaren tsinke, ga 'yar ƙararrawa, ga ɗan farantin da ake sa mata abinci. Teburin bai kai gwiwar mutum tsayi ba.

Kwana bakwai da rasuwar sai ga Ashida, ma'aikaciyar ƙungiyar mai kula da 'yan kwikwiyon yankin. Mace ce 'yar shekara talatin da wani abu, wandonta kullum cike da gashin kare. Ta durƙusa gaban hoton ta kunna turare, ta yi kuka na gaske, ba na ganin ido ba. Da suka dawo falo ta share fuska, ta kira shi da sunan girmamawa irin nasu ta ce, "Kuwabara-san, na zo da keji a mota. Akwai wani gida da suka ce za su karɓe shi ya ƙarasa shekararsa a can."

Shozo dama abin da ya shirya faɗa ke nan, a tafi da shi. Ya buɗe baki, sai idonsa ya faɗa kan Kenta kwance a bakin ƙofa, ya ɗora haɓa a kan silifas ɗin Fumie. Sai kawai ya ji bakinsa ya ce, "A bar shi."

Ashida ta dube shi da kyau. Ta san gidan shekara da shekaru, ta san wanda ke riƙo da wanda ke karanta jarida.

"Ka taɓa ba shi abinci da hannunka?"

"Zan koya."

Bai san yadda zai gaya mata ba, amma ya san abin da ke ransa. Karen nan shi ne abu na ƙarshe da Fumie ta fara ba ta gama ba, kuma in aka fita da shi, babu sauran mai numfashi a gidan sai shi kaɗai. Tsoron wannan shirun yake ji, tsoro na gaske.

Ashida ta yi ɗan tunani, sannan ta ɗauko 'yar jakar da Fumie ke ɗaurawa a ƙugu, ta zuba ƙwayoyin abincin kare a ciki, busassu kamar gyaɗa.

"Abu ɗaya nake so," in ji ta. "Ba zama ba, ba kwanciya ba, waɗannan duk za su zo daga baya. In ka kira sunansa sau ɗaya, ya bar abin da yake yi ya dubi fuskarka. Karen da ba ya duban mutum ba ya yi wa makaho jagora. Duba nan."

Ta kai ƙwaya ɗaya hancin Kenta ya shinshina, ta ɗaga ta a hankali har tsakanin idanunta, ta ce, "Kenta." Ya ɗago ido ya zuba mata. Ta ce, "Madalla!" da wata murya kamar an yi mata albishir, kafin ta rufe baki ƙwayar tana bakinsa.

"Ka gani? Matarka ta riga ta koya masa, saura ya san kai ma mutum ne. Kullum da safe kafin ya ci abinci, a wurin da ba hayaniya, minti biyar ya isa. Kuma don girman matarka, Kuwabara-san, kada ya ci komai a gidan nan sai abin da ya fito daga kwanonsa ko jakar nan. In ya san akwai abin da ya fi wannan daɗi a wani wuri, can hankalinsa zai koma, kai kuwa ka zama bango. Zan dawo bayan sati biyar. In yana dubanka, ya zauna har kaka. In ba ya dubanka, dole in tafi da shi, don lokacin koyonsa ba ya jira."

Mutumin da ya yi shekaru yana tsayar da jirgi a kan daƙiƙa bai ga abin wuya a nan ba. Ƙarfe bakwai saura kwata daidai yake ɗaura jakar a kan rigar sanyinsa, ya kashe talabijin, ya durƙusa a falo gwiwoyinsa suna ƙara. Ya kai ƙwaya hancin Kenta, ya ɗaga ta tsakanin idanunsa, ya kira suna. Kenta ya bi hannun da ido zuwa rabin hanya, sai ya juya kai ya dubi ƙofar ɗakin ciki. Aka sake, haka. In ya ga dama ya karɓi ƙwaya ɗaya don kunya, ya juya ta a baki ya tofar a tabarma.

Shozo ya canja wuri. Ya gwada a zaure wajen takalma, ya gwada a kicin, har banɗaki ya shiga da shi ya rufe ƙofa, tsoho ɗan shekara saba'in da biyu durƙushe a kan tayil da ƙwaya a goshi yana roƙon ɗan kwikwiyo ya dube shi. Kenta ya yi biris da shi, sai shinshina ƙasan ƙofa yake yi.

Kinue, ƙanwar Fumie, ita ke kawo masa abinci kullum da rana a kwandon keke. Layi biyu ne tsakaninsu. Mijinta ya daɗe da rasuwa, bakinta kuwa bai taɓa yin ritaya ba. Ta tarar da shi wata rana yana fama, ta tsaya da kwano a hannu tana kallo. Kenta ya ɗan waigo bisa kuskure, Shozo ya ce, "Madalla," ya miƙa ƙwaya.

"Yaya, wannan madalla ce ko sanarwar jirgi ya makara?"

"Ajiye abincin ki tafi."

"Ni ma da ni ce karen, ƙofa zan duba. Fuskar nan taka Yayata ce kaɗai ta iya kallonta shekara arba'in, ita ma don ba ta da gilashi mai kyau ne. Kawo jakar ka ga aiki."

Ta ɗaura jakar, ta yi ta rangaɗa murya tana tafi, "Kenta-chan! Ɗan albarka! Dubi gwaggonka!" Kenta ya kaɗa mata wutsiya don zumunci, ya shinshina ƙwayar, ya yi hamma.

Kinue ta shafa cikinsa ta ce, "Af. Wannan ai a ƙoshe yake. Dubi ciki kamar tulu. Me kake ba shi?"

"Abin da aka auna."

"To ko iska yake sha yana ƙiba."

Shozo ya ɗauki jarida ya buɗe. Ya san amsar sarai, kuma tun kafin Ashida ta zo ya santa.

Dankalin da Fumie ta shanya ya bushe tana asibiti. Shi ya kwashe shi da hannunsa ya zuba a kwali, ya yi zaƙi ya yi danƙo, farin garin sukarinsa ya fito a jiki yadda take so. Washegarin da aka kawo tokarta gida ya ɗauki yanka uku ya sa mata a farantin, ya kunna turare, ya buga ƙararrawa, ya haɗa hannu, ya tashi ya tafi dafa ruwan shayi. Da ya dawo, farantin wayam. Ya zauna daɓas a tabarma. Tsawon numfashi ɗaya ko biyu, kafin hankali ya dawo, abin da zuciyarsa ta ce masa shi ne: ta ci. Sai ya hangi Kenta a bayan tebur yana lashe baki. Ya ɗaga hannu zai tsawata, hannun ya sauko da kansa.

Washegari ya bar ƙofar ɗakin a buɗe faɗin tafin hannu. Ya buga ƙararrawa, ya tafi kicin ya juya baya, ya tsaya yana saurare har ya ji ɗan ƙaran faranti. Jibi ma haka. Daga baya ya ƙara da na yamma. Ya ji gargaɗin Ashida da kunnensa, ya kuma san shi ne yake rushe ginin da yake yi, don wane kare ne zai kula busasshiyar ƙwaya bayan ya san inda dankalin Fumie yake? Kullum yana cewa daga gobe ya daina, kullum goben ba ta zuwa. Ba wawa ba ne, ya san kare ne ke ci. Amma waɗannan numfashi biyun da yake samu in ya ga farantin wayam, su ne kaɗai sauƙin da yake samu a yini.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Saura kwana huɗu Ashida ta dawo, Kinue ta zo da sassafe don su tsayar da maganar taron kwana arba'in da tara. Ta shigo ba sallama kamar yadda ta saba, ta tarar da Shozo tsaye a kicin ya ba ƙofa baya, ba ya yin komai. Ta leƙa ɗakin ciki, daidai lokacin Kenta yana janye yanka na biyu.

"Kai! Kai, ɓarawo! Yaya, zo ka ga abin da..." Sai ta tsaya. Ta dubi ƙofar da aka bari a buɗe daidai faɗin kare, ta dubi bayan Shozo da bai ko motsa ba. "Ashe ka sani."

Bai juyo ba.

"Yaya, da kai nake. Wata guda kana durƙusa wa kare kamar mai neman aure, ashe kai ne kake kwance masa zani a kasuwa, ka kwance wa kanka? Abincin mamaciya, a bakin kare! In malamin haikali ya ji, ina za mu sa fuskarmu? Yayata da ta hana shi ko lasar cokali!"

"Kwana goma sha tara," in ji shi, yana kallon butar shayi.

"Me?"

"Kwana goma sha tara ana kawo mata tiren abinci ana mayarwa yadda aka kawo shi. Kina wurin, kin gani. Na kai mata dankalin nan asibiti, na sa mata a leɓe, ta kasa haɗiya. Ta dube ni kamar mai ba ni haƙuri." Ya ja numfashi. "Shekara arba'in da huɗu tana sa mini abinci ina cinyewa. Sau ɗaya na sa mata, ya dawo. Yanzu ba ya dawowa. Shi ke nan, ba wani abu ba ne."

Kinue ta ja kujera ta zauna. Ta cire gilashi ta goge da gefen riga, ta mayar, ta sake cirewa.

"Tsohon banza," ta ce a hankali. "Da ka faɗa mata rabin wannan tana da rai, da ta suma don mamaki." Ta fyace hanci. "To yanzu zaɓi ya rage naka. Ko farantin, ko karen. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma kwana huɗu ya fi babu."

Da yamma ya sa dankalin, ya buga ƙararrawa, ya fito ya ja ƙofar har ta haɗu da bango. Kenta ya tsaya a bakinta yana kuka, ya yi ta karta har ya yaga ƙasan ƙofar, don da takarda aka lulluɓe ta. Bayan awa guda Shozo ya ɗaure shi, ya shiga. Yanka uku suna nan yadda ya ajiye su. Abin da aka sauke daga gaban mamaci masu rai ne ke ci, ba a zubarwa, don haka ya zauna gaban hoton ya sa ɗaya a baki. Ya daɗe yana taunawa. Ya ji daɗinsa, ya kuma ji kamar yau ne ta mutu.

Yini biyu Kenta yana fushi, ko kwanonsa sai da ƙyar. A rana ta uku yunwa ta yi aikinta. Shozo ya ɗaga ƙwaya ya kira suna, idon Kenta ya bi hannun har sama, ya sauka a kan nasa, ƙiftawa ɗaya tak. Ƙwayar ta suɓuce daga hannun tsohon ta faɗi ƙasa, Kenta ya tsince ta. A rana ta huɗu, cikin kira goma ya dube shi sau biyar. Shozo ya buga wa Kinue waya, abin da bai taɓa yi ba in ba mutuwa aka yi ba.

"Sau biyar," ya ce.

"Sau biyar me? Ka faɗi a banɗaki?"

"Ya dube ni."

"To madalla. Ka ga yadda ake faɗinta, ka koya."

Ranar Asabar da Ashida za ta zo ya yi aski, ya sa rigar da yake zuwa asibiti da ita, ya hana Kenta karin safe. Ya sa wa Fumie dankalinta kamar kullum ya rufe ƙofa. Kinue ta zo tun ƙarfe tara, wai don ta dafa shayi. Ƙarfe goma motar Ashida ta tsaya, ta shigo da ɗan kwalin alewa naɗe da takarda mai ruwan toka.

Duk shirin da suka yi, wannan ne ba su tuna ba, kuma da sun tuna ma ba yadda za su yi. Baƙo ba ya shiga gidan makoki ya zauna shan shayi bai gaida mamaci ba, maigida kuma ba ya ce wa baƙo ɗakin a rufe yake. Ashida ta sunkuya ta ce, "In ba damuwa, bari in fara gaida ta." Shozo ya dubi Kinue, Kinue ta kama wuyan Kenta ta riƙe gam. Ya ja ƙofar da hannunsa.

Ashida ta durƙusa, ta ajiye alewar gefen hoton, ta kunna turare, ta ɗauki 'yar sanda ta buga ƙararrawa.

Kafin sautin ya mutu Kenta ya fizge. Tsohuwa 'yar sittin da shida ina za ta iya da ɗan kwikwiyo mai wata biyar da bai karya ba? Shozo ya cusa hannu a jaka, ya ɗaga ƙwaya tsakanin idanunsa, ya ce, "Kenta!" Ko kunne bai kaɗa ba. Ya wuce ta gefen Ashida, ya je gaban tebur ya zauna, zama mai kyau, ƙafafu a haɗe. Ya ɗaga kai ya dubi fuskar da ke cikin hoton, ya jira, kamar yadda mai fuskar ta koya masa. Sannan ya miƙa wuya ya ɗauki yanka ɗaya a hankali, bai taɓa kyandir ba, bai ja mayafi ba, ya zagaya bayan tebur ya kwanta yana ci.

Shozo bai taɓa ganin wannan ba, don kullum bayansa yake juyawa. Ya tsaya da ƙwaya a goshi ya manta bai sauke hannu ba, hawaye suna bin kumatunsa. Kinue ta toshe baki da hannu biyu.

Ashida ta ajiye 'yar sandar. Ta ƙarasa gaisuwarta, ta juyo a durƙushe ta fuskanci Shozo, idonta ja.

"Kuwabara-san, yau ya fara?"

"Yau ne!" in ji Kinue da sauri. "Yau ne, 'yata, na rantse. Ni ce na sake shi, hannuna ne ba ƙarfi. Jiya sau biyar ya dube shi, sau biyar, ni shaida ce."

Ashida ba ta ɗauke ido daga kan Shozo ba. Wanda ya yi shekara goma yana kallon karnuka ya san bambancin kuskure da sabo, amma ta so Fumie, kuma tana da uba mai irin waɗannan shekarun.

"In yau ne," ta ce a hankali, "kuskure ne, kowane ɗan kwikwiyo yana yi. Sai in bar shi."

Kinue ta matso ta taka ƙafar Shozo. "Kuma in ma a ce, a ce fa na ce, ya je makaranta bai ci jarrabawa ba, ba wanda ya raine shi ake fara tambaya ko yana so a dawo masa da shi ba?"

"Haka ne," in ji Ashida.

To ga hanya an share masa, mata biyu sun riƙe masa ƙofa. In ya ce "yau ne" kawai, Kenta zai zauna har kaka. In halin ya bi shi ya faɗi jarrabawa, a dawo masa da shi ya zama nasa har mutuwa, su tsufa tare, su biyu da farantinsu. Shozo ya so wannan. Tun da aka haife shi bai taɓa son wani abu kamar yadda ya so wannan ba, kuma bai ji kunyar son ba. Ya dubi Kenta yana lashe tafin ƙafa a bayan tebur, ya dubi hoton.

"Kwana talatin da uku," ya ce. "Safe da yamma. Ni nake bar masa ƙofa."

"Yaya!"

"Bari, Kinue." Ya juya ga Ashida. "Zai gyaru?"

"Ɗanye ne, zai tanƙwaru. Amma ba a gidan nan ba. A nan ya riga ya san ɗakin, ya san ƙararrawar. Wata rana zai kwanta ƙarƙashin tebur a gidan abinci, wanda ke riƙe da shi ba ya gani, ba zai san me karensa ya ɗauka ba. Ko yana tsakiyar titi ya ji ƙamshin wani abu..." Ba ta ƙarasa ba.

"Shida ta yi, ba wanda ya faɗi," in ji Shozo. "Ba zan ɓata mata na bakwai ba." Ya durƙusa, ya dafa tabarma da hannu biyu, ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa ƙasa. "Laifina ne, ba nasa ba. Ki tafi da shi yau, don in kin bari sai gobe, ban san abin da zan ce ba."

Haɗa kayan bai ɗauki minti goma ba. Kwano biyu, igiya, buhun abinci da aka ci rabi, da bargon da Fumie ta ɗinka masa da tsofaffin riguna. Kinue ce ta kwashe su zuwa mota tana ƙunƙuni, tana zagin karnuka da masu karnuka da mazan da ba su iya ƙarya ba sai in ba ta da amfani. Shozo ya ɗauki igiyar ya ja Kenta da kansa har bakin titi. Ashida ta buɗe bayan motar, Kenta ya yi tsalle ya shige keji yana kaɗa wutsiya, a zatonsa yawo za a je.

"Zan riƙa aiko maka da labarinsa," in ji ta. Ta sunkuya wa Shozo, ta daɗe a sunkuye, sannan ta rufe ƙofar bayan ta shiga gaba ta tayar da mota.

Shozo ya matsa jikin gilashin baya. Kenta yana shinshina bargonsa, ya ba shi baya. Ba don gwaji ba, ba don komai ba, tsohon ya ce, "Kenta," a hankali, yadda ba ya zaton za a ji ta cikin gilashi.

Kenta ya bar bargon, ya juyo, ya zuba masa ido. Ba ƙiftawa ɗaya ba, kallo sosai, kai a karkace, yana jira.

Hannun Shozo ya faɗa ƙugunsa. Jakar tana nan, an manta ba a karɓa ba. Ya zaro ƙwaya ya miƙa, yatsunsa suka bugi gilashi. Motar ta ja. Ya bi ta taku uku yana miƙa hannu, ta kai kwana ta juya wajen gada.

Kinue ta zo ta tsaya kusa da shi, ta kama gefen rigarsa.

"Yaya, shigo ciki. Akwai sanyi."

"Ya dube ni, Kinue. Kin gani?"

"Na gani."

"Ban ba shi komai ba."